Kundinki da Na Ce Gara Ta Cinye

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Balaraba ta Fagge.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Ni ce ’yarki ta fari, Saudatu.

Na san takarda ba ta zuwa inda kike, Inna, addu'a ce kaɗai ke zuwa. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, ta ƙi haɗiyuwa ta ƙi fita, kuma ke ce mai ita. Waɗanda za su leƙa wasiƙar nan su leƙa. In sun ce Malama Saude ta girma ba ta san ta girma ba, ba su yi mini ƙazafi ba.

Shekara huɗu ke nan da aka fita da ke daga gidan nan. Gida yana nan lafiya. Ƙanena Nura ya gyara soro, ya dawo da iyalinsa sashen marigayi Baba. Ni kuma ina ɗakin da ke kallon naki, inda na dawo tun rasuwar maigidana, kuma har yanzu ina koyar da Turanci a makarantar ’yan mata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na yi ƙarya a kan kayanki. Sikira na yi wa.

Kin fi ni sanin Sikiratu, ’yar Alhaja Mulika maƙwabciyarmu mai shagon atamfa a kasuwar Sabon Gari. Kakanninta daga ƙasar Yarabawa suka zo, amma a Fagge aka binne cibiyarta, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na girme ta da shekara biyu. Kullum da safe in Alhaja za ta fita kasuwa sai ta miƙo miki ita, ke kuma ki saɓa ta a baya ki ci gaba da sharar tsakar gida.

Ina jin muryarki har gobe. "Sikira, zo ki ci ɗumame." "Sikira ’yar albarka." "Wa ya taɓa mini Sikira?" A wuni ɗaya sai ki kira sunanta sau ashirin.

Ni kuwa ’yar fari ce. Ba ki taɓa kama sunana ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan". In na faɗi na fasa gwiwa, sai ki kawar da kai ki jira wata ta ɗaga ni. Na san al'ada ce, na san kunya ce, na san haka aka yi miki ke ma a gidanku. Kaina ya daɗe da sanin wannan. Zuciyata ce ba ta je makarantar ba.

Tsakar gidanmu ba ya rabuwa da shanya. Sabara a wannan tabarma, ɗoɗɗoya a waccan, ɓawon hano a faifai, gangamau da citta a murfin kwano. Matan unguwa su shigo da yaransu, mai tari, mai ƙurji, mai ciwon ciki. Ki duba idon yaro, ki taɓa cikinsa, wani ki ƙulla masa garin magani a tsumma, wani ki ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku wuce asibiti yanzu-yanzu." Ba kya karɓar komai sai addu'a. Abin da kike yawan faɗa shi ne, "Magani da ma'auni yake. In ya wuce ma'auni ya koma dafi."

Zan yi miki adalci, ni kika fara kira. Ina aji biyu na sakandare, ina kwance a gindin zogale da littafin Turanci, kika ce, "Ke, taso ki ga yadda ake gane hano na gaskiya." Ko ɗagowa ban yi ba na ce, "Inna, wannan fa duk camfi ne, malamarmu ta faɗa." Ba ki yi faɗa ba. Kika dai ce, "To, boko ta yi rana." Sannan kika juya kika ce, "Sikira, zo."

Ta zo da gudu. Daga ranar ita ce mai riƙe miki kwando in za ki layin masu saiwoyi a Sabon Gari. Ita ke bin ki bakin tashar jirgin ƙasa, inda matan ƙauye ke sauke buhunan sassaƙe. Ku dawo kuna hira kuna dariya, hannuwanku duk sun yi rawaya da gangamau. Ni ina ɗaki ina leƙenku ta labule, ina ce wa kaina ba abin da ya dame ni.

Ni na rufe ƙofar da hannuna, na yarda. Amma Inna, yarinya ce ’yar shekara goma sha uku ta yi miki rashin kunya. Da kin sake kira na sau ɗaya tak. Na jira. Ba ki sake ba.

Ranar da za a kai ni gidan miji, kin shige ɗaka kin ja ƙofa, ko hawayenki ban gani ba. Ranar da Sikira za ta tafi ƙasar waje ƙarin karatu, bayan ta gama karatun haɗa magunguna, kin raka ta har zaure kina kuka a gaban kowa, kina share hawaye da gefen mayafi. Ina tsaye a bayanki da jaririna a kafaɗa. Na lura, Inna. Duk na lura.

Sai ciwo ya zo. Hawan jini ya fara, sannan ɓarin jikinki na hagu ya ɗan shanye, ya sake. Muka yi hamdala, ashe da saura. Kika fara zuba gishiri a shayi. Kika fara tambayar ko Baba ya dawo daga kotu, shi da ya shekara goma a ƙasa. Wata rana da hantsi aka neme ki aka rasa, sai bayan azahar Nura ya same ki zaune a bakin tashar jirgin ƙasa, kina jiran matan sassaƙe da suka daɗe da daina zuwa. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa ne suka samu matsala.

Shekara uku ina jinyarki. Ni ce wanka, ni ce wanki, ni ce yankan farce, ni ce lallashin ki karɓi cokali ɗaya na kunu. Ban faɗi haka don gori ba, haƙƙinki ne, kuma ko kwatar abin da kika yi mini ban biya ba.

Amma akwai wata safiya. Ina zaune a ƙasa ina shafa miki man kaɗanya a ƙafa, sai na ji hannunki a kaina. Na ɗago. Kina kallona da wata irin fuska, fuskar da na yi shekara arba'in ina nema, sakakkiya, ba kunya ba kawar da kai. Kika ce, "Sikira ’yar albarka, hannunki da laushi."

Na ce, "Na'am, Inna."

Shekara biyu ina amsa sunan nan. Ki ce Sikira ta fi kowa. Ki ce Allah ya ba Sikira masu yi mata. In ce amin, in fita bayan ɗaki in yi kukana, in wanke fuska in dawo. Ita tana can wata uwa duniya, sai dai ta bugo waya ranar Juma'a.

Sannan ga maganar tukunya. Kanki ya manta sunayen jikokinki, amma hannunki bai manta aikinsa ba. Kullum sai kin lallaɓa madafi kin ɗora ’yar tukunyar ƙasa, ki jefa ɓawon hano da gangamau, ki ce na ciwon kai ne. Likita ya gargaɗe ni, ya ce kina shan maganin tsinka jini, kada a haɗa miki da komai. Na hana, kika ƙi hanuwa. Rannan na sauke tukunyar tana tafasa, na juye ta a kwata a gaban idonki, na tattara duk ƙulle-ƙullen da ke ɗakin na fitar. Kika tsaya kina kallon ruwan yana gangarewa, kika dube ni kamar baƙuwa, kika ce, "Baiwar Allah, wa ya aiko ki?"

Na faɗa wa kowa umarnin likita na bi. Haka ne. Amma ba shi kaɗai ba ne. Da na ɗaga tukunyar nan, akwai wani abu a ƙirjina da ya ji daɗi. Yau na faɗa.

Da kika cika, Sikira ba ta samu zuwa ba. Ta bugo tana kuka kamar ranta zai fita. Na ce mata, "Sai haƙuri," na miƙa wa Nura wayar.

Bara ta dawo gida gaba ɗaya. Yanzu Dakta Sikira ce, tana koyarwa a jami'a, tana da ɗakin gwaje-gwaje. Wata Asabar da hantsi ina tsintar shinkafa, rediyo a gefena, sai na ji muryarta a shirin kiwon lafiya. Na ajiye faifan.

Bari in faɗa miki abin da ta ce, don na san za ki so ji. Ta ce ƙwaƙwalwa ba jijiyoyi kaɗai ba ce. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa a kewaye da jijiyoyin, aikinsu hidima. Wasu su ciyar da jijiya, wasu su naɗe ta kamar yadda ake naɗe wayar lantarki da roba, wasu su kwashe datti su kuma yi gadi. In rauni ko cuta ta shigo, masu gadin nan sai su tashi tsaye, wannan tashin shi ake kira kumburi, kuma a farkonsa taimako ne. Matsalar ita ce in sun tashi sun ƙi kwanciya, wata da watanni. A nan sai su fara fitar da abubuwan da ke illata jijiyoyin da aka ba su amana. Ta ce masana na zargin irin wannan kumburi yana da hannu a ciwon mantuwa da ɓarnar da ke biyo bayan shanyewar jiki. Kuma akwai sinadarai a cikin wasu tsirrai, irin wanda ke ba gangamau launinsa, da ake ganin alamar suna kwantar da ƙwayoyin nan, suna kare su, in an gwada a faranti ko a jikin ɓeraye.

Ta nanata, har sau uku, cewa alama ce kawai, ba a tabbatar a jikin ɗan Adam ba, kada kowa ya ajiye maganin asibiti ya kama dafe-dafe. Ni duk wannan bai shiga kunnena ba. Gangamau kawai na ji. Na ga ruwan tukunyarki yana bin kwata.

Ban gama farfaɗowa ba mai gabatar da shirin ya tambaye ta wa ya ɗora ta a wannan hanya. Ta ce, "Innata ce, Allah ya jiƙanta. A tsakar gidanta a Fagge na fara sanin cewa ganye yana da ma'auni."

Innata. A rediyo, Kano gaba ɗaya tana ji.

Wunin ranar wayata ba ta huta ba. ’Yan uwa, ƙawaye, har malaman makarantarmu. "Kin ji Sikira kuwa?" "Ashe Inna ta bar magajiya!" Ina cewa alhamdu lillahi, ina jin kamar ana zuba mini barkono a ido. Magajiya. Ni da na kwashe kashinki da fitsarinki ban zama magajiya ba, sai wadda ta zo bayan an share makoki.

Bayan mako guda ta zo gidan. Ta durƙusa ta gaishe ni, "Yaya Saude, ina wuni," kamar yadda ta saba tun tana yarinya. Ta tsaya a ƙofar ɗakinki ta yi kuka mai isarta. Da ta natsu sai ta tambaye ni kundinki, wato tsofaffin littattafan makarantata da kike tsincewa in na yar, kina rubuta magungunanki da ajami a shafukan da suka rage. Ta ce tana so ta san wane tsiro kike haɗawa da wane, da wane ma'auni, don ta gwada su a ɗakin gwaji yadda ya kamata, tun sunayen ba su ɓace tare da masu su ba.

Kundin yana cikin adakarki, adakar tana ƙarƙashin gadona. Na dube ta ido cikin ido na ce, "Ai gara ta cinye shi tun bara."

Ta dafe ƙirji ta yi salati. Sannan ta ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ki yi haƙuri, Yaya, ke aka yi wa babban rashi." Ita ke ba ni haƙuri. Na so a ce ta yi mini musu, in samu abin kamawa.

Wata uku ina kwana a kan adakar nan ban buɗe ta ba. Ba don ina da abin yi da kundin ba, ni da ban san bambancin sabara da marke ba. Kawai na ga ta samu goyo, ta samu suna, ta samu hawayenki, ta samu rediyo. Wannan ɗaya dai ba za ta samu ba.

Alhaja Mulika ce ta aiko in same ta a shago. Ta tsufa, Inna, ba za ki gane ta ba. Surukarta ke ciniki yanzu, ita sai dai ta zauna a kan benci a lungun shago da carbinta. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta jira masu taya atamfa suka wuce, sannan ta ce, "Saude, ni na taya ki kintsa ɗakin nan bayan sadakar bakwai. Da hannuna na mayar da littattafan. Adakar ƙarfe ce. Tun yaushe gara ta fara cin ƙarfe?"

A nan cikin kasuwa, tsakanin tulin atamfofi, na fashe da kuka kamar yarinya. Na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, maganar sunan da kika yi ta kira na da shi.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Shekara arba'in da wani abu muna zaune da uwarki. Sunanki bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a bayan idonki. In kin yi tafiya ta ƙagu ta ji labari, sai ta leƙo ta katanga ta ce mini, 'Ita fa, an ji ta?' To ranar da hankali ya gushe, so ya taso mata, da wane suna za ta kira ki? Ta ɗauki wanda bakinta ya saba da shi."

Ta ja carbi kaɗan, ta ƙara da cewa, "Kina tsammanin ke kaɗai kika ji zafi? ’Yata ta taso daga makaranta, ta wuce ƙofata, ta shige gidanku. Ranar da ta fara jinin al'ada uwarki ta faɗa wa, ni sai a bakin uwarki na ji. Na haɗiye, don na san inda take zuwa gidan alheri ne. Amma kada ki ce bai yi mini ciwo ba."

Ban sani ba ko gaskiyar Alhaja ce a kan sunan. Ke kaɗai kika sani, ke kuma kin tafi. Ina so in yarda. Wasu ranakun ina yarda.

Da na dawo gida bayan la'asar na jawo adakar. Littafi bakwai ne, naɗe a tsohon zaninki na saƙi, har yanzu suna ƙanshin kanumfari. Kowane magani kin rubuta wanda aka yi wa. Na ɗan Hajara, tari. Na matar mai gyaran keke, bayan haihuwa. A gefen shafukan kuma ga rubutun boko na yarinya, manya-manyan baƙaƙe a karkace, inda Sikira ke maimaita abin da kika faɗa mata. A littattafaina. A ƙarƙashin sunana da ke bango. Na kusa mayar da su in rufe.

Sai na fara cin karo da wasu shafuka da ba suna, sai dai "na ita". Na ita, ƙyanda. Na ita, shawara. Na ita, ciwon kunne, ba ta yi barci ba kwana uku. Na tuna ciwon kunnen nan sarai. A littafi na biyar na ga: "Na ita, bayan ɓari. A sa mata a kunu, kada a faɗa mata, ba za ta sha ba." Na tuna kunun da kika yi ta aiko mini gidan miji kwana arba'in, ina santi ina cewa ba wanda ya iya kunun kanwa kamar Inna. Ashe malamar Turanci camfi take ta sha tana lashe baki.

Na yi dariya, na yi kuka. Amma kada ki zaci kishin ya tafi. Ni aka yi wa, ita aka koya wa. Har yanzu ban san wanne ya fi ba.

Ranar Litinin na tashi daga makaranta na wuce wurin aikinta da littafi ɗaya a jaka. Ta karɓe ni da murna, ta sa mini farar riga, ta ce in leƙa madubin da suke duba ƙananan halittu. Na gan su, Inna, ƙwayoyin hidimar nan. Kamar taurari suke, kowace da yatsu ta miƙa ko'ina tana taɓa ’yar uwarta. Na ce a raina ashe haka cikin kanki yake, ni ina ta faɗa da ke a kan gishiri.

Na ciro littafin na ajiye a kan tebur na ce, "Gara ba ta ci ba."

Ba ta taɓa shi ba. Ta ce, "Alhaja ta faɗa mini tun a makon da na zo neman sa. Na ce a ƙyale ki, kayan mahaifiyarki ne."

Na ba ta labarin tukunya, ban rage komai ba. Na ce ta faɗa mini tsakaninta da Allah, da na bar ki kin ci gaba da sha, da kin warke?

Ta ce, "Wallahi Yaya ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani ƙarya yake. Abin da ya yi aiki a faranti ba lallai ya yi a jikin mutum ba. Da yawansu hanji ma ba ya ɗaukarsu sosai, balle su kai ƙwaƙwalwa, don ita tana da shingenta. Shi ya sa muke nan muna wahala. Abin da na sani shi ne tana kan maganin tsinka jini. Da ni ce a gidan, ni ma hana ta zan yi."

Na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Kafin in gama ajiyar zuciya ta ce, "Sai dai ni ba zan zubar a gabanta ba."

Gaskiya ta faɗa. Can sai na ga hawaye yana bin kumatunta. Ta ce, "Ke kika rufe mata ido. Ranar da ta cika ni ina tsaye a kan irin wannan madubi ina ƙirga ƙwayoyin ɓera. Kullum cewa nake sai na gama in dawo mata da wani abu a hannu. In da za a ce in ba ki takardun nan duka ki ba ni safiya ɗaya ina shafa mata mai, da na karɓa."

Ban taɓa kawowa a raina cewa akwai abin da nake da shi da Sikira za ta yi kwaɗayi ba.

Yanzu duk Asabar da hantsi tana zuwa. Sharaɗina ɗaya ne, kundi ba ya barin gidan nan. Mukan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinki, ni in karanta ajamin, don ita hannunki yana ba ta wuya, ita kuma ta rubuta. Ba ta gano komai ba tukuna. Ta ce zai iya ɗaukar shekaru, zai iya yiwuwa ma a ƙarshe ba a samu abin da ake nema ba. Wani lokacin ina tsakiyar karanta layi sai ta ƙarasa shi da ka, da irin lafazinki, sai in ji kishin nan ya taso mini. Sai in yi a'uziyya in ci gaba. Makon jiya ta kawo sassaƙe iri biyu ta ce in shinshina, in gaya mata wanne ne hano. Na faɗi daidai a karo na uku.

A littafi na bakwai, inda hannunki ya fara rawa, muka tarar da wani haɗi na ciwon kai. Kin rubuta, "A ƙara da ganyen Gwaggo, tafin hannu ɗaya." Na ɗago na dubi Sikira ina jira ta ƙarasa kamar kullum. Ta yamutsa fuska. Ba ta san shi ba. Muka tambayi Alhaja, ta ce ba ta taɓa ji ba. Muka shiga adaidaita sahu muka tafi layin masu saiwoyi a Sabon Gari, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har muka kai ga wata tsohuwa da ta san ki. Ta yi dariya har tana tari, ta ce, "’Ya’yan nan, ai kowane gida da Gwaggonsa, kowace Gwaggo da ganyenta. Wannan kam mai shi ta tafi da abinta."

Sikira ta fito jiki a sanyaye. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, wani daɗi ne ya lulluɓe ni tun daga kai har ƙafa. Ashe akwai abin da ita ma ba ki faɗa mata ba. Muna cikin adaidaita ta juyo ta ƙura mini ido, ta ce, "Yaya Saude, murna kike yi." Na ce, "Ƙwarai kuwa." Muka kwashe da dariya, muna yi muna share hawaye, har direban ya waiwayo ya ce ko lafiya.

Inna, ki yafe mini maganar da na faɗa miki ina yarinya. Ki yafe mini tukunyarki. Ki yafe mini ƙaryar da na yi da kayanki.

Ya Allah, ka jiƙan mahaifiyata, ka gafarta mata, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka saka mata da alherin kowane yaro da ya samu sauƙi ta hannunta. Ka haɗa ta da Baba a Aljannar Firdausi. Ka sa albarka a aikin Sikira, in akwai waraka a cikin ganyen nan ka nuna mata, in babu ka ba ta ƙarfin faɗin gaskiya. Ka ƙara wa Alhaja lafiya. Ka ba masu jinyar iyayensu haƙuri, ka tsare harshensu da hannunsu. Ni kuma ka wanke mini zuciya, kada kishina ya zama hassada, ka sa in cika da imani. Amin summa amin.

Wassalam.

’Yarki mai kewarki,
Saude